Zarto Biyu da Gangarar Kawu Orval

Marlow, Kansas
8 ga Satumba, 1996

Zuwa ga ɗana Lyle,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka a can bakin teku. Yaya sanyi, yaya ƙarnin kifi? Tun Kirsimeti ban ga rubutunka ba, amma ban yi fushi ba. Haka mahaifinka yake, sai ya shekara bai rubuta wa 'yar'uwarsa layi ɗaya ba, Allah ya ji ƙansa.

Ni lafiyata ƙalau in ban da gwiwa. Kawunka Orval ne ba lafiya. A watan jiya ya faɗi a lambu yana tsinkar tumatir. Na leƙa ta tagar kicin na hango hularsa a ƙasa, shi ban gan shi ba. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓarin dama. Yana asibiti a Wichita. Yana gane mutane, yana ci in an ba shi, amma magana ta ƙwace masa. Kafintan da ya shekara arba'in yana yi wa mutane faɗa a kan katako, yanzu 'yan kalmomi ne suka rage masa a baki. Wadda ya fi faɗa ita ce "gida".

Wata ma'aikaciyar asibitin ta zaunar da ni ta ce ba za su sallame shi zuwa gida ba sai an yi gangarar katako daga baranda zuwa ƙasa, wadda za a bi da shi a keken guragu. In ba a yi ba kafin tsakiyar Nuwamba, gidan kula da tsofaffi za su kai shi. Na nemi kafintoci. Tun da ƙanƙara ta farfasa rufin gidaje a damina, kowa yana saman kwano, sun ce sai bazara. To, ni zan yi. Na riƙe wa mutumin nan bakin tef ɗin awo fiye da yadda zan iya tunawa, na ga yadda ake yi.

Matsalar zarto ce. Na jona zarton lantarkinsa, ya yi kuka, ya yi hayaƙi, ya mutu. Shagon Kuhlman da muke kai gyara ya rufe bara, tun da aka buɗe katafaren kantin nan na bakin babban titi. Can na je. Lyle, bango guda zarto ne zalla. Na ga biyu masu suna irin na kawunka, launi ɗaya, girma kusan ɗaya. Wannan dala arba'in da tara, wancan ɗari da sittin. Na tare wani ma'aikaci na ce, "Bawan Allah, mene ne bambancinsu?" Ya duba wannan, ya duba wancan, ya ce, "Mama, farashi." Daga baya ya ce shi a sashen fenti yake.

Kai ka yi shekaru kana buɗe cikin irin waɗannan injuna kafin wurin gyaran naku ya rufe. Ka faɗa mini wanne zan saya. Haka ma injin huda katako. Kada ka kira, ka san kunnena da waya, ƙara kawai nake ji. Ka rubuto.

Gwaggonka,
Verna

*

Dutch Harbor, Alaska
21 ga Satumba

Gwaggo Verna,

Gaisuwa da girmamawa. Ina lafiya, aiki ne ya yi yawa, lokacin kifi ne, injunan sanyaya kaya ba sa hutawa, ni ma ba na hutawa. Wasiƙarki ta same ni a bakin aiki, na karanta ta a tsaye, sai da na nemi wurin zama. Yaya jikin Kawu? Ki riƙe hannunsa na hagu ki ce Lyle yana gaishe shi. Allah ya ba shi sauƙi.

Zan yi sauri, domin jirgin da ke ɗaukar wasiƙu zai tashi, kuma ba a san ran da iska za ta bar shi ya dawo ba.

Sunan ɗaya ne, cikin ba ɗaya ba ne. Manyan kantunan nan su ke gaya wa kamfani farashin da suke so, sai kamfani ya ƙera abin da zai shiga farashin. A mai tsadar, haƙoran da ke juya inji na ƙarfe ne, akwai boris, wayar tagullar cikinsa mai kauri ce, kuma in abu ya ci ana iya canja shi. A mai arahar, haƙoran na roba ne, ba boris, wayar siririya. In ya yi zafi sai ya narke daga ciki, kuma ba a gyara shi, jefarwa ake yi. Shi ya sa muka rasa aikinmu. Ki juya su ki duba lambar da ke jikin farantin, za ki ga ta bambanta da harafi ɗaya. Ki ɗaga su kuma, hannunki zai gaya miki.

Amma gaskiya, Gwaggo, abin da ba zai daɗe ba, ba sai an kashe masa kuɗi ba. Ki sayi mai arahar, zai kai ki ƙarshen wannan al'amari. Ki dai cire ruwan zarton da ya zo da shi ki sa mai kyau, nan ne bai kamata a yi rowa ba. Injin huda ma na tsaka-tsaki ya isa, mai waya, ba mai batir ba.

Gangarar kuma kada ta yi tsaye. Duk inci ɗaya na tsayin baranda, ki ba shi ƙafa ɗaya na tsawo. Za ta yi miki kamar ta yi tsawo da yawa, ki bar ta haka. Da sukuru za ki ɗaure, ba ƙusa ba. Na zana miki a bayan takardar nan.

Ga direban motar wasiƙu yana yi mini ham.

Ɗanki,
Lyle

*

Marlow
3 ga Oktoba

Lyle,

Ina fatan kana lafiya. Mu ma muna nan.

Na ga wasiƙarka, na gode da zanen. Na karanta inda ka ce abin da ba zai daɗe ba, ba sai an kashe masa kuɗi ba, kuma mai arahar zai kai ni ƙarshen al'amarin. Na karanta, na sake karantawa. Likitan da ke duba shi kullum ma bai yanke masa kwana ba, sai kai da kake can bayan duniya ba ka ko gan shi ba. Jiya ya ɗaga cokali da kansa.

Na koma kantin na sayi mai tsadar. In Orval Stuckey zai bi gangara, ba zai bi wadda aka yi da tunanin gobe za a cire ta ba.

Ba sai ka wahalar da kanka da amsa ba, na san kana da aiki.

Verna

*

Dutch Harbor
27 ga Oktoba

Gwaggona,

Ina gaishe ki, ina gaida Kawu, ina roƙon Allah ya ƙara masa ƙarfi. Ni lafiyar jiki akwai ta, ta zuciya ce babu.

Guguwa ta hana jirgi sauka, sai yau wasiƙarki ta iso, tana ɗauke da kwanan farkon wata. Ke nan duk tsawon lokacin nan kina zaune da wannan magana a ranki, ni ina nan ban sani ba.

Gwaggo, aikin nake nufi. Aikin yankan katakon ne ba zai daɗe ba, mako biyu ko uku kin gama, zarton ya koma kan kanta. Ƙarshen al'amari da na ce, ƙarshen ginin ne. Ta yaya zan faɗi haka a kan Kawu? Shi ya tsaya a gefena ran da aka binne mahaifina, ya ɗora mini hannu a wuya har aka watse. Da na sake karanta abin da na rubuta kafin in liƙe, da na gani. Ki yafe mini.

Akwai kuma abin da ban faɗa ba don sauri, shi ne yake hana ni sukuni. Mai tsadar nan don ƙartin da ke gini daga safe zuwa yamma aka yi shi. Yana da nauyi, yana da ƙarfi, in katako ya matse ruwan zarton baya yake harbowa kamar jaki. Na zaɓa miki mai arahar ne har da don wuyan hannunki. Ina roƙon ki, kada ki yanka katako ke kaɗai. Ki tallafe shi ta gefe biyu, kada ki tsaya daidai bayan zarton.

Na bi layi na buga waya duk da kin hana, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na nemi hutu, sun ce sai an rufe lokacin kifi. Ki rubuto ko layi ɗaya ne, ko da faɗa ne.

Ɗanki,
Lyle

*

Marlow
1 ga Disamba

Ɗana Lyle,

Gaisuwa da fatan alheri. Za ka ga rubutuna ya karkace, wuyan hannuna ne, zan zo kansa. Kafin komai: kawunka yana gida. Yana ɗakin gaba, kusa da taga, yana barci yanzu da nake rubutu.

Gargaɗinka ya zo a makare. Na kafa ginshiƙai lafiya, na fara yankan katakon shimfiɗa, sai zarton ya harbo kamar yadda ka ce. Bai yanke ni ba, Allah ya tsare, amma ya murɗe mini hannu har ƙashi ya tsage. Na zauna a kan ciyawa ina kallon zarton yana ta juyawa shi kaɗai. Bernice Aldrich, maƙwabciyarmu da ta yi ritaya daga tuƙin motar makaranta, ita ta ji ƙarar ta tsallako shinge. Ta zare wayar daga bango ta ce, "Verna, mijinki na asibiti, ke ma gado kike nema kusa da shi?"

Hannu na cikin filasta wa'adin ya cika. Suka ɗauke shi suka kai gidan tsofaffi. Lyle, wurin yana da tsafta, ma'aikatan ba su da laifi. Amma da aka shigar da shi ya ga gadaje a jere, sai ya juya fuska bango. Ya daina cewa "gida". Ya daina cewa komai. Abinci ma sai ya rufe baki. Na taɓa ganin tsohon doki ya yi haka a gonar mahaifinmu, na san inda abin yake zuwa.

A makon ne wasiƙarka ta zo. Na karanta a mota a ƙofar gidan waya, na yi kuka, rabi don kai, rabi don kunyar kaina. Tsoro ne, ɗana. Abin da nake tsoron ji shi na karanta a takardarka. Ba abin yafewa tsakaninmu.

Na kai masa wasiƙunka duka, na karanta wa bayansa, tun da bayan ya ba ni. Da na gaya masa na sayi mai tsadar don haushi, sai na ga kafaɗarsa tana motsi. Na zaci kuka yake. Ya juyo, ashe dariya ce, da rabin bakinsa. Ya dube ni ya ce, "Taurin kai." Sabuwar kalma ce, ba ta cikin waɗanda suka rage masa. Na ce, "A wurin wa na koya?" Ran nan ya sha miya.

Bernice ta ce ita za ta yi yanka, ni in yi awo. Ta ɗaga mai tsadar ta ajiye, ta ce, "Wannan ai sai ɗan dambe." Ta je kantin ta sayo mai arahar, muka sa masa ruwan zarto mai kyau kamar yadda ka ce. Ba shi da nauyi, kukansa kamar na injin niƙa a kicin, amma yana yanka. Muka yi ta yi, tsofaffi biyu, hannu uku. Maza na wucewa a mota suna rage gudu. Fasto ya tsaya ya ba mu shawara, Bernice ta miƙa masa injin huda ta ce, "Fasto, wa'azi sai Lahadi, riƙe nan." Ya riƙe har yamma.

Muna kan katakon dafawa na gefe zarton ya fara warin roba. Bernice ta ce mu bar shi ya huce, na ce ƙanƙara na tafe, mu ci gaba. Ya yanka, ya yanka, ya tsaya cak. Ragowar da zarton hannu na Orval muka ƙarasa, muna karɓa-karɓa.

Ma'aikaciyar asibitin ta zo ta auna, ta hau ta yi tsalle a kai, ta sa hannu a takarda. Jajibirin bikin ranar Godiya, ƙarshen Nuwamba, muka ɗauko shi. A tsakiyar gangarar ya ɗaga hannu in tsaya. Ya sunkuya yana duba inda katako ya haɗu da katako, ya daɗe. Ni da Bernice muka yi tsuru kamar 'yan makaranta. Ya nuna wani wuri da ya buɗe, ya girgiza kai. Sannan ya nuna ƙofa.

Ya ci talo-talo, ya ci kek ɗin kabewa har ya nemi ƙari.

Gwaggonka,
Verna

*

Dutch Harbor
18 ga Disamba

Gwaggo,

Barka da arziki, barka da dawowar Kawu. Yaya hannun? Kada ki cire filastar kafin likita ya ce, na san ki.

Na karanta wasiƙarki a ɗakin cin abinci, wani abokin aikina ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, gwaggona ce ta gina gangara. Ki gaida Mama Bernice, ki ce akwai aiki a nan in tana so.

Ki zuba yashi a kan katakon in ƙanƙara ta sauka, kada ki sa gishiri, yana cin sukuru. Wurin da ya buɗe kuma ki bar shi, kowane kafinta yana son ya sami abin da zai yi ƙorafi a kai.

Sun ba ni hutu a watan Afrilu. Ki gaya wa Kawu ina tafe. Na aiko da kifi busasshe da safar ulu, ban sani ba ko za su riga Kirsimeti isowa.

Ɗanki,
Lyle

*

Marlow
16 ga Fabrairu, 1997

Ɗana Lyle,

Ina gaishe ka, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Kawunka ya rasu ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, a gadonsa, a ɗakinsa. Ciwon ne ya dawo. Ina kicin ina dafa masa shayi, da na shigo ya riga ya tafi, fuskarsa tana wajen taga. An binne shi ranar Juma'a kusa da iyayensa. Na sa Fasto ya buga waya wurin aikinku, aka ce kuna kan teku kuna gyaran wani jirgi. Kada ka sa wa ranka damuwa, ko da ka ji, da ba ka iso kan lokaci ba.

Ina so ka san yadda ya yi kwanakinsa, domin ba su yi muni ba. Safarka ta zo, ita ce a ƙafarsa kullum. Da safe sai ya nuna ƙofa, in naɗe shi da bargo, in gangara da shi zuwa gareji, in kunna masa murhu. Ya sa na ɗauko mataccen zarton nan na Bernice na ɗora masa a kan benci. Da hannun hagu ya dinga kwance shi, ni ina riƙe masa. Sukuru ɗaya kan ɗauke shi rabin safiya, in na kai hannu in taimaka sai ya buge ni. Da ya kai ciki ya ciro wani abu fari da ya narke ya dunƙule kamar cingam. Ya ɗaga shi a haske, ya yi tsaki, ya ce, "Roba." Sannan ya ce, "Lyle." Ya ajiye shi a gefen benci, ya hana ni sharewa. Ina jin so yake ku yi zagin kamfanin tare.

Kalmominsa sun ƙaru kafin ƙarshe. Ya kira sunana. Ya ce wa Bernice "direba". Wata safiya ya ce, "An gode," ban san wa yake nufi ba, ni ko Mai sama, ban kuma tambaya ba.

Mai tsadar na ba wa coci, matasa suna gyaran rufin ɗakin taro da shi, sun ce kamar wuƙa a man shanu. Hannuna ya warke, sai dai yana gaya mini in za a yi sanyi. Bernice tana shigowa kullum da yamma, mu zauna, ba lallai mu yi magana ba.

Mutane sun fara tambaya ko zan sayar da kayan gareji. Wani har ya zo da mota. Na ce ba yanzu ba. Jiya na shiga na tsaya ina kallon bango, kowane abu a rataye a ƙusarsa yadda ya bar shi. Shekara arba'in ina miƙa masa su, "ba ni wancan" kawai yake cewa, ni kuma in miƙa. Sai jiya na lura ban san sunan rabinsu ba, kuma mai faɗa mini ya tafi.

Kada ka soke hutun Afrilu. Ka zo ka faɗa mini.

Gwaggonka,
Verna